An ce in kawo dubu ɗari uku a ga alƙali, in bayar ko in haƙura?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya kai ni maƙura. Wasunku sun san zancen filin marigayi mahaifinmu da ke wajen Tirwun, wanda muka wayi gari a 2019 wani ya sauke bulo ya ja katanga. Takardar sayenmu tun 1994 take, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Muka kai ƙara babbar kotu. An fara zama ke nan korona ta zo aka rufe. Aka buɗe, ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki a 2021, wata biyu ƙofa da kwaɗo. A 2023 aka ce an tura alƙalinmu wata jiha sauraron ƙararrakin zaɓe, kusan rabin shekara ba zama. Ya dawo, muka gama gabatar da shaidu, sai ga ritayarsa ta zo. Aka miƙa wa wani alƙalin, aka ce a faro daga farko. Ɗaya daga cikin shaidun nan mun binne shi da azumin bana. Shi kuwa mai katanga har ya yi rufi ya zuba 'yan haya.

Jiya ina rumfa a Muda Lawal ina lissafin doya, sai ga wani da jaka a hammata. Ya kira ni da sunana, ya karanto mini lambar ƙararmu, ya faɗi ranar da aka ɗage. Ya ce shi yana shiga wurin mai gida ba sallama, in na haɗa dubu ɗari uku, kafin kotu ta tafi hutun shekara an yanke mana. Ya ce abokin shari'armu ya riga ya yi nasa. Wallahi ban runtsa ba. Gaskiyar tamu ce, amma ina kallo tana tsufa. Ku ba ni shawara.

Auta: Yaya ka bayar kawai. A ƙasar nan gaskiya ba ta tafiya sai an yi mata kuɗin mota.

Malam Liman: Subhanallah. Auta goge wannan maganar. Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Baban Khalifa, Allah ya jiƙan mahaifi, Allah ya fito muku da haƙƙinku.

Barista: Yaya, ko sisi kada ka ba shi. Lambar ƙara da ranar zama ba sirri ba ne, ana liƙa jerin shari'o'i a jikin allon kotu, mai sayar da ruwa ma in ya iya karatu zai karanto maka. Zancen farowa daga farko kuma ba mugunta aka yi muku ba, ƙa'ida ce: alƙalin da bai ga shaida da idonsa ba, bai ji shi da kunnensa ba, ba ya yanke hukunci a kan maganarsa. Shaidan da ya rasu, lauyanku zai iya neman a karɓi abin da ya faɗa a zaman baya tunda yana rubuce, kuma ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Ya gaya maka haka?

Baban Khalifa: Bai gaya mini ba. Kullum dai "an ɗage", sai kuɗin mai.

Ɗan Lema: Barista kullum kai kare su kake yi. Mu a Bauchi wa zai ba mu labari? Ba sanatanmu ba ne, Adamu Bulkachuwa, ya miƙe a zauren majalisa a watan Yunin 2023, ranar bankwana, ya ce ya riƙa shiga hurumin matarsa tana shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta taimaki abokan aikinsa? Har sai da Ahmad Lawan ya katse shi. Da bakinsa fa, kyamara na ɗauka. Baki shi ke yanka wuya.

Barista: Ya faɗa, kowa ya gani. A cika labarin dai: Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta fito ta musanta, shi ma daga baya ya ce ba a fahimce shi ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranar mu kanmu lauyoyi mun sunkuyar da kai. Wata guda duk wanda ya shigo ofis sai ya tambaye ni ko na san matar wani.

Mai Tsintsiya: To Ɗan Lema, tunda kotu ta lalace, a dawo mana da Zamfara ta 2019. Mutane sun fito rana ta dake su sun zaɓi APC tun daga gwamna har ɗan majalisar jiha, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un duk sun tafi a banza saboda zaɓen fid da gwani, aka ɗauki kujera aka ba Matawalle. A Bayelsa David Lyon ana gobe rantsuwa aka cire shi saboda takardun mataimakinsa. Ranar ban ji ka ce an sayi alƙali ba, shinkafa ka dafa.

Ɗan Lema: Imo fa? Wanda INEC ta ce ya zo na huɗu shi ya zama gwamna. Na huɗu! Ko a gasar makarantar allo ba a yi wannan ba.

Mai Tsintsiya: Yauwa, ka kawo kanka. Hukuncin Imo ranar 14 ga Janairun 2020 aka yi shi, kuka cika Facebook da tsinuwa, har da ɗan jiharmu Tanko Muhammad da ya jagoranci zaman ba ku bari ba. Ranar 20 ga watan, kwana shida tsakani, kotun nan dai ta tabbatar wa Ƙaura, Gwamna Bala Mohammed, kujerarsa. Ina tsaye a shataletalen Wunti na gan ka a bayan a-kori-kura kana kaɗa tuta kana ihun shari'a ta yi halinta. Kotu ɗaya ce ko biyu?

Maman Ummi: Hahaha, wallahi ni ma na gan shi, har hularsa ta faɗi.

Ɗan Lema: Anti ke ma? To ai gaskiya aka yi a ta Bauchi. Ku kuka fara garzayawa Babbar Kotun Tarayya a Abuja kuka karɓo umarnin dakatar da tattara sakamakon Tafawa Ɓalewa a 2019. Daga Bauchi har Abuja, don a hana ƙirga ƙuri'ar ƙaramar hukuma ɗaya.

Sakataren Zaure: Jama'a, bawan Allah ya kawo matsalar fili, kun mayar mana da zaure filin kamfe. A koma kan magana.

Baba Rajistara: Ina karantawa tun ɗazu, jikata ke taya ni rubutu saboda ido. Shekara talatin da ɗaya na yi a kotu, daga ɗan aike har na zama rajistara. Baban Khalifa, mutuminka mai jaka na san shi, ko da ban taɓa ganinsa ba.

A wata kotu da na zauna akwai wani masinja, Allah ya yafe mana da shi. Rigarsa aljihu biyu ce, dama da hagu. In shari'a ta kusa hukunci sai ya je wurin mai ƙara da dare ya karɓa ya sa a dama, ya je wurin wanda ake ƙara ya karɓa ya sa a hagu. Alƙali yana gidansa yana shan fura, bai san ana yi ba. Ranar hukunci dole ɗaya ya ci. Sai ya bi wanda ya faɗi har gida, ya ƙirga masa kuɗinsa cif, ya ce mai gida ya ce wancan ya fi ka nauyin hannu. Ka ga wanda ya faɗi ya tafi yana yabon amanar masinja yana tsine wa alƙali. Wanda ya ci kuma har ya mutu yana ba 'ya'yansa labarin yadda ya sayi shari'a. Gida biyu sun shaida alƙali ɓarawo ne, mutumin da ko goro ba ya karɓa. Asirinsa bai tonu ba sai da aka yi wata shari'a da alƙalin ya kori ƙarar ya kuma ƙi buƙatar ɗaya ɓangaren, kowa ya zo neman kuɗinsa rana ɗaya, ya riga ya sayi keke.

Auta: Baba wannan ai ɗan kasuwa ne, ba masinja ba.

Barista: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Baba Rajistara: Dakata ɗana, ban gama ba, kada ka ɗauka na wanke ku. Na ga alƙalin da buhunan shinkafa da rago ke shiga gidansa ana jibi Sallah daga hannun mai shari'a a gabansa, a ce gaisuwa ce. Na ga fayil ya ɓace wata takwas, ya fito ranar da aka ga rajistaran da ke riƙe da shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani majistare ne matashi. Aka kawo masa yaran da aka kama a taron 'yan adawa, aka bugo waya daga sama cewa kada a ba da beli. Ina tsaye da fayil a hannu ya ce doka ta ba su beli, ya sa hannu. Mako biyu takardar canjin wurin aiki ta zo, aka jefa shi wani ƙauye da in damina ta sauka sai an tuɓe takalmi a haye rafi. Ba wanda ya ce ya yi laifi. Sauran majistarori kuwa duk sun karanta wasiƙar, ko da ba su aka rubuta wa ba. Daga ranar ba a sake buƙatar bugo waya ba.

Maman Ummi: Baba wannan ta ƙarshen ta kashe mini jiki.

Barista: Nan ciwon yake. Tsarin mulki ya ce a riƙa sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye. A kan haka aka yi yajin aikin 2021 da ya ci wa Yaya wata biyu. Buhari ya sa hannu a umarni na 10 a 2020 don tilasta wa jihohi, gwamnoni suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022. Babban joji in zai je gidan gwamnati roƙon motar alƙalai da man janareta, gobe kuma a kawo masa ƙarar gwamnati, me kake tsammani? Kowa ya ci ladan kuturu. Ko a Abuja an yi ta surutu a 2024 da Wike ya fara gina wa alƙalai gidaje 40 a Katampe. Wasu suka ce ai haƙƙinsu ne, wasu suka ce ɗan siyasar da ke da shari'o'i a kotu bai kamata ya zama shi ke miƙa makulli ba.

Mai Tsintsiya: Amma Tinubu ya ninka musu albashi a 2024, kashi 300 cikin ɗari. Yanzu wane uzuri ya rage?

Barista: Ƙarin ya zo bayan shekara goma sha wani abu suna kan albashi ɗaya. Mai Shari'a Musa Dattijo, ranar bankwanarsa a Oktoban 2023, ya ce babban rajistaran Kotun Ƙoli na ɗaukar naira miliyan 1.2 a wata, alƙalin kotun kuma dubu 751. Amma abin da ya fi zafafawa a kai ba albashi ba ne, ƙarfin da aka tara wa Alƙalin Alƙalai ne: shi ke shugabantar NJC mai ladabtar da alƙalai, shi ke shugabantar hukumar da ke tantance na tarayya, yawancin 'yan majalisar NJC ɗin ma shi ke zaɓo su. Wannan ba ɗan adawa ne ya faɗa ba, mutum na biyu a kotun ne. Kafin nan a 2022 alƙalai 14 na Kotun Ƙoli sun rubuta wa Tanko Muhammad takardar koke kan walwalarsu, har da zancen wuta da man dizal, bai jima ba ya ajiye aiki a kan rashin lafiya.

Ɗan Lema: Ka tsallake yadda shi Tankon ya hau. Ana saura makonni uku zaɓen 2019 aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Onnoghen da umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, bayan an gama cin moriyar ganga. A 2016 kuma DSS ta fasa gidajen alƙalai da tsakar dare. Wa zai ga haka ya yi taurin kai?

Mai Tsintsiya: An samu kuɗi a wasu gidajen ko ba a samu ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maman Ummi: Ku duk manya kuke kallo. Ni ban taɓa zuwa Kotun Ƙoli ba, ba kuma zan je ba. Kotun da na sani ita ce ta shari'ar Musulunci da muka je rabon gadon mijin yayata. Gida ɗaya da shago ɗaya, marayu biyar. Alƙalin wallahi mutumin kirki ne, ya yi rabon cikin zama uku. Amma kafin a kai gabansa: kuɗin fom, kuɗin kai sammaci, kuɗin motar masu zuwa ƙiyasta gida, kuɗin buga hukunci. Ko ɗaya ba rasit. Yayata tana takaba, ni ke zirga-zirga, awarwarona biyu na sayar a Kasuwar Wunti. Da na ce a ba ni rasit, wani ya kalle ni sama da ƙasa ya ce Hajiya ke malamar makaranta ce ko? Aka yi dariya. Fayil ɗinmu ya ƙara mako uku a ƙasan tebur. Tun daga ranar in na ji mace ta ce za ta kai ƙara, sai in ce ta fara zuwa wurin mai unguwa.

Barista: Anti abin da kika gani yana cikin ƙididdiga. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ce a 2023 an ba ma'aikatan gwamnati cin hancin kusan naira biliyan 721 tsaba. Kuma a matsakaicin abin da ake miƙawa lokaci guda, na alƙalai da majistarori ya fi na kowa, wajen dubu 31. Sai dai mai amsa tambaya abin da ya bayar ya sani, bai san ko aljihun dama ya shiga ko na hagu ba.

Auta: Ni abokina ɗan acaɓa wata goma sha huɗu ya yi a gidan yari yana jiran shari'a kan wayar da aka ce an sace a majalisarsu. Mai wayar ma ya daina zuwa kotu. Kullum a ce ɗan sanda mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko ba motar kawo su. Da za a yanke masa hukuncin ma da bai kai haka ba. Amma shari'ar gwamna kwana 180 an gama, ɗaukaka ƙara kwana 60. Su an yi musu agogo, mu an bar mu da kalanda.

Baban Khalifa: Auta ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Alƙalina aka ɗauke aka kai wa 'yan siyasa. Rigimarsu ta wata shida ta fi gadon marayu tara.

Malam Liman: Hadisi ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna. Magabata gudun alƙalanci suke yi, har a yi wa malami bulala a kan ya karɓa ya ƙi. Yau kuwa ana kamun ƙafa a samu. Amma mu ma mu dubi kanmu. Wa ke zuwa gidan alƙali da dare? Wa ke shaidar zur a kan dubu biyar a bakin kotu? Ba daga sama suka faɗo ba.

Ɗan Lema: Allah gafarta Malam, akwai malaman da suka ce in haƙƙinka ne kuma ba hanyar karɓarsa sai ka bayar, zunubin na kan mai karɓa. Ko ba haka ba?

Malam Liman: Akwai masu wannan maganar, da sharaɗin ka tabbata haƙƙinka ne kuma duk ƙofofi sun rufe. Shi Baban Khalifa ko ƙofar farko bai ƙwanƙwasa ba. Kuma wa ya ce masa alƙalin ya nema? Zai ɗauki zunubin zargi ya ƙara da asarar kuɗin doya.

Mai Tsintsiya: Ni abin da ya fi ba ni tsoro Kano ce. Kotun zaɓe ta zare wa Abba ƙuri'a 165,663 a Satumban 2023, ta intanet ma aka karanta hukuncin, alƙalan ba su zauna a garin ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, sai takardar hukuncin ta fito wani sashe yana cewa akasin abin da aka karanta, aka ce kuskuren rubutu ne. Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa. Ni ɗan APC ne, amma ranar na rasa wa zan gaskata. Rikicin masarauta ya zo, kotun tarayya ta ba da umarni, ta jiha ta ba da kishiyarsa, 'yan sanda suka zaɓi wanda za su bi.

Ɗan Lema: Alhamdu lillahi, yau Mai Tsintsiya ya yi sahur da gaskiya.

Mai Tsintsiya: Kai dai nemo hularka.

Barista: Ana hukunta wasu fa, ba a cika yayatawa ba ne. A Nuwamban 2024 NJC ta ce a yi wa babbar jojin Imo da Girandi Kadin Yobe ritayar dole kan sauya shekarun haihuwa. Matsalar, yawanci iyakarta ke nan, ritaya ko dakatarwa. Kuma tun hukuncin shari'ar alƙali Nganjiwa a 2017, ba a gurfanar da alƙali mai ci kan abin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara gamawa da shi.

Yaya, ga abin yi. Gobe ka sa lauyanka ya nemi a gaggauta sauraro, ya kafa hujja da rasuwar shaida da shekarun ɗayan. Ya nemi kwafin zaman baya mai hatimi. In ya ci gaba da yi maka "an ɗage", kana da ikon karɓar fayil ɗinka ka canja lauya. Mai jaka kuma in ya dawo, ka ce ya zo ku je gaban lauyanka ya maimaita.

Baba Rajistara: Ba zai zo ba. Ka ƙara da wannan: duk kuɗin da za ka biya a rajista, ka ce a rubuta maka a bayan takardar a buga hatimi. Za su ɓata rai, fayil zai yi nauyin ƙafa kwana biyu, amma ba zai ɓace ba, don sun san kana ajiye takarda. Kuma ranar zama ka je da kanka ka zauna a gaba, alƙali ya saba da fuskarka. Shaidan naku da ya rage shekararsa nawa?

Baban Khalifa: Ya haura tamanin Baba. Yana Darazo wurin 'yarsa, ƙafa ta hana shi tafiya sosai.

Baba Rajistara: To shi za a fara kira, kada a bi jeri. Barista a rubuta wannan a cikin takardar.

Barista: An gama Baba. Yaya turo mini lambar ƙarar ta akwatina, ba a nan ba.

Baban Khalifa: Na tura. Yanzun nan mai jaka ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo wai mai gida ya ce saboda marayu ne a kawo dubu ɗari biyu.

Maman Ummi: Ka ƙyale shi zuwa Juma'a, zai sauko hamsin.

Auta: Yaya in za a ɗauko tsohon daga Darazo a gaya mini da wuri, motar maigidana ba ta fita aiki ranar Talata, tana nan a ajiye. Mai kawai za ka zuba.

Baban Khalifa: Zaman ranar Laraba ne, 9 na safe. Sai mu ɗauko shi Talata ya kwana a gidana.